Zobe Mai Jan Dutse

Saura kwana shida a ɗaura auren Halima, uwarta Hindu ta tura ƙyauren ɗakinta da rana tsaka, ta taka kujera, ta sauko da kwallar da ke can saman jere. A cikin kwallar akwai ƙaramin kwano, a cikin kwanon akwai tsumma, a cikin tsumman kuwa akwai zobe.

Zoben zinare ne mai nauyi, na yatsan ƙaton namiji, don in Hindu ta zura shi a babban yatsanta ma lilo yake yi. A kansa an dasa wani jan dutse shimfiɗaɗɗe, launinsa kamar na goron da aka tauna, an sassaƙa rubutu a fuskarsa. Hindu ta yi allo tana yarinya, tana gane baƙi da wasali, amma wannan rubutun ko harafi ɗaya bai taɓa tsaya mata ba. Abin bai dame ta ba. An gaya mata hatimi ne, kuma wa ke Tsarnawa da bai san hatimi ba? Zanen nan ne da malamai ke yi gida-gida, da haruffa a warwatse, a naɗe shi a ɗinke cikin fata a rataya a wuya don tsari. Ba don a karanta ake yin sa ba.

Ubanta, Alhaji Umaru Dogo, shi ya ba ta, shekara shida da suka wuce, kwana biyu kafin ya cika. 'Ya'yansa maza sun sami gonaki da rumbuna, ita ta sami zobe, tunda namiji ba ya sa zinare. Ya kama wuyan hannunta ya danƙa mata, ya ce, "Hatimi ne. In na mutu..." Sai tari ya sarƙe shi, sai mutane suka shigo gaisuwa, maganar ba ta sake tasowa ba. Hindu ta ƙarasa masa da kanta. Ta ce ai abin da yake nufi ke nan, ta ɓoye, kada ido ya karya shi. Ta kuwa ɓoye, ko mijinta bai taɓa gani ba.

To, Alhaji Dogo ba ƙaramin mutum ba ne a bakin mutanen Tsarnawa, kuma Hindu ba ta gajiya da tuna wa mutane haka. Shi ne wanda ya je Makka da ƙafa. A shekarar 1948 suka tashi su biyu, shi da amininsa Abarshi, ɗan Sallau madugu, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Bayan shekara huɗu Dogo ya dawo shi kaɗai. Ya ce a ƙasar Sudan suka rabu, Abarshi ya tsaya aikin gonar auduga don ya tara guzuri, lafiyarsa lau, ya ce a gaida gida, yana nan tafe.

Matar Abarshi, Asabe, tana da goyo lokacin da suka tashi, ita ma ɗin ba ta wuce shekara ashirin ba. Ta zauna jira. Manema suka zo, ta ce tana da miji. Danginta suka ce a je wurin alƙali a raba auren, tunda babu wasiƙa babu saƙo, ta ce ai Dogo da idonsa ya gan shi tsaye da ƙafafunsa. In an matsa mata sai ta ce, "Ya tahi da hatimin ubansa rataye a wuya. Ya ce mini ba ya rabuwa da shi sai ranar da za a yi masa wanka. In ya mutu, hatimin zai dawo gida." Yara suka taso suna jin wannan magana har suka haddace ta, kuma kowa ya ɗauka laya take nufi.

Shi kuwa Dogo, tun daga shekarar da ya dawo har ya koma ga Allah, kaka ba ta taɓa wucewa bai aika wa Asabe dammunan hatsi ba. A masallaci ana misali da shi. Bayan rasuwarsa, duk sallar da Asabe ta idar, ana jiyo ta ta kan katanga tana rufe addu'a da abu biyu: "Allah ya jiƙan Dogo, Allah ya dawo da Abarshi."

Goyon nan da aka bari a bayan Asabe ita ce Kubura, ƙawar Hindu tun suna wasan ƙasa. Tare aka yi musu kitson fari, wata ɗaya aka yi musu aure, kuma mazajen nasu duka 'yan gari ne, don haka ba wadda ta yi nisa da katangar nan. Yanzu ga ɗan Kubura, Rabo, direban motar albasa, zai auri Halima. Ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna. Hindu ta yi murnar da ba ta taɓa yi ba, ta ce a ranta abin da ya fi komai daraja a ɗakinta shi za ta sa wa ɗiyarta a hannu ranar kai amarya, ya tsare ta a gidan miji. Sai dai dole a rage zoben.

Ranar Laraba ta ɗaure shi a bakin zane, ta tsaya a bakin kwalta ta shiga motar Konni. Kasuwa ta cika maƙil, 'yan canji suna kaɗa naira a fuskar mutane, masu amalanke suna neman hanya. Ta ratsa ta bayan 'yan atamfa har rumfar Mati maƙeri, tsoho mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Shi ya yi mata 'yan kunnen aurenta, shi ya yi na Halima.

"Uwar amarya," in ji Mati, "kin zo ki ce 'yan kunnen sun yi ƙanana ko? Duk haka kuke."

"Baba Mati, rufa mini asiri. Wani aiki ne daban."

Ta duba hagu ta duba dama, ta kwance bakin zane, ta sa masa a tafin hannu. Tsohon ya daina dariya. Ya jinjina zoben, ya goga gefensa a kan wani baƙin dutse, ya kai shi bakin rumfa inda haske yake, ya daɗe yana juya shi.

"Ina kika samo wanga?"

"Gadon ubana ne."

"Wanga aiki ya girme ni, ya girme ubana. Ba ƙirar ƙasar nan ba ce. Irin shi ta hamada suke zuwa a hannun Larabawa, manyan fatake su saya, su sa a yanka musu dutsen. Shekarata hamsin ina busa wuta, sau biyu na taɓa riƙe irin shi." Ya matso da shi kusa da tabarau.

Hindu ta ce, "Kada ka yi ta kallon rubutun, Baba. Hatimi ne."

"Hatimi ne mana. Shi ya sa nake dubawa in ga na wane ne."

"Hatimi kuma ana karanta shi?"

Mati ya ɗago kai ya dube ta ta saman tabarau, sai ya gane inda ta dosa. Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke kin ɗauka na malamai ne, na tsari? Haba uwar amarya. Hatimi biyu ne. Akwai na laya, akwai na bugawa a takarda. Kin san tampon da ake buga miki a buro, ofishin gwamnati, in kin je karɓar takardar haihuwa? To wanga shi ne tampon mutanen da. Madugu in ya aika wasiƙa ko ya rufe kaya, sai ya danna zobensa, a san daga hannunsa ta fito. Sunan mai shi ne a jiki."

"Ai na duba, ba ya karantuwa."

"Ba zai karantu ba, a juye aka yanka shi. Sai an danna shi kan wani abu yake miƙewa. Tsaya ki gani."

Ya ɗauko ɗan ƙullin kakin zuma daga cikin gwangwani, irin wanda yake fitar da siffar kayan ado da shi, ya ɗumama shi a gefen garwashi, ya murza ya baje a tafin hannunsa. Ya kifa dutsen a kai ya danna, ya ɗaga. Hindu ta leƙa. Haruffan da suka shekara shida suna yi mata gardama ga su nan sun jeru tsaf, kamar an rubuta a allo. Tun kafin Mati ya buɗe baki ta gane harafin farko, ta gane na biyu.

Mati ya karanta a hankali, yana bi da farce. "Sallau... ɗan Tanimun." Ya washe baki. "Sallau madugu na Tsarnawa? Ikon Allah. Ubana ya sha ba mu labarinsa. Ashe ke jikar Sallau ce, shekara da shekaru ba ki taɓa faɗa ba."

Kasuwar nan duk da hayaniyarta ta ɗauke wa Hindu ɗif. Ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da buhun gawayi, da sabon zanenta. Ba jikar Sallau ba ce. Jikar Sallau, Kubura, tana can Tsarnawa a tsakar gidan Hindu, tana toya alkakin bikin 'ya'yansu. Abin da ke yi mata amsa-kuwwa a kunne muryar Asabe ce: ya tahi da hatimin ubansa rataye a wuya.

Sau nawa ta ji wannan magana? Sau dubu. Ta ji ta tana yarinya, ta ji ta tana amarya, ta ji ta bayan ta riga ta ɓoye zoben a kwalla, ta gyaɗa kai ta ce Allah ya dawo da shi, Inna. Kalma ɗaya ce ubanta ya faɗa, ita ce Asabe ke faɗa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa su ba, don ita a wurinta wancan laya ce a cikin fata, wannan kuma zobe ne. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma ubanta take tsoro, mutumin da ya shekara shida a ƙasa.

"Lahiya?" in ji Mati. "Ko rana ce ta buge ki?"

Hindu ta ce, "Baba, ana iya goge rubutun nan?"

Tsohon ya ɓata rai. "Ana iyawa. In na sa shi a dutsen washi, kafin la'asar ya zama sumul. Ko in cire dutsen, in narke zinaren in yi miki warwaro. Amma mi ya yi zafi? Mutum ya goge sunan kakansa?"

"Goge."

Mati ya dube ta ya ƙara dubawa. Ya girgiza kai, ya jawo dutsen washi, ya ɗiga masa ruwa. Ya kifa zoben ke nan, Hindu ta kai hannu ta fizge shi, har farcenta ya karce shi a yatsa. Ta ɗauke kakin ma. Ta ce ya yi haƙuri, za ta dawo, ta fice ba ta ko yi masa sallama ba.

A cikin mota an matse ta tsakanin wata mai kaji da buhun gishiri. Kakin na cikin tafinta, zafin hannu yana sa shi laushi. Da ta murza babban yatsa sau ɗaya, shi ke nan, sunan ya tafi. Zoben kuma ga rijiyoyin lambu nan birjik a gefen hanya. Ba wanda ya san da shi sai ita da Mati, shi kuwa Mati ya ɗauka na kakanta ne.

Ta yi ta nema wa ubanta mafita tun daga Konni har Tsarnawa. Wataƙila Abarshi ne ya ba shi ya kawo gida. To, me ya hana shi bayarwa? Wataƙila sayar masa ya yi don guzuri. To, me ya sa ya ɓoye shekara talatin da ɗaya? Duk ƙofar da ta buɗe, bango take tararwa. Abarshi ya mutu, ubanta yana wurin, shi ya cire igiyar daga wuyansa. Ya dawo gida ya dubi yarinya mai goyo ya ce mijinta yana nan tafe, don in ya ce ya mutu za a tambaye shi kayan mamaci. Ko ciwo ne ya kashe shi, ko wani abu ne da ba ta iya ko ambata a zuciyarta, wannan babu mai gaya mata. Hatsin da ake misali da shi a masallaci ya faɗo mata a rai, ta roƙi direba ya tsaya ta yi amai a bakin hanya.

Ta iske gidanta cike da mata da ƙamshin mai. Kubura na zaune gaban kasko, ɗankwali ya zame, gumi na zuba.

"Ga ta nan," in ji Kubura. "Ta bar mu da wuta ta tahi yawon kasuwa. Mi kika sayo wa surukarki?"

Matan suka yi dariya. Hindu ta yi ƙoƙarin murmushi, fuskarta ta ƙi. Ta ce kanta ke ciwo, ta shige ɗaki. Kubura ta biyo ta da alkaki mai zafi a murfin kwano, ta taɓa mata goshi, ta ce, "Ƙawa, kada ki kwanta mini yanzu. In kin faɗi wa zai yi rawa da ni?" Hindu ta juya fuska bango.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Hindu tana tashi tana aiki kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙirji. Ta san abin da magana za ta jawo. Sunan ubanta zai zube a garin da ake rantsuwa da amanarsa. 'Yan'uwanta maza ba za su yafe mata ba. Kubura za ta dube ta ta ga ɗiyar mutumin da ya mayar da ita marainiya ba tare da ta sani ba. Auren Halima kuwa, wa zai kai ɗiyarsa gidan da ubansa ya yi wa haka, wa zai karɓa? Ta yanke shawara sau uku cewa za ta yi shiru, kuma duk lokacin ta ji sanyi a ranta na ɗan lokaci. Ba muguwa ba ce, uwa ce da biki a gabanta.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo goron ɗaurin aure. Kubura ta aiko a kira Hindu a raba tare. Ta zagaya ta shiga gidan Asabe, ta iske su a ƙarƙashin itacen bedi, an baje goro a kan jiƙaƙƙen buhu. Asabe na zaune a kan tabarma, ta tsufa, idanunta sun yi hazo, amma hannunta bai manta goro ba. Tana shafawa tana ware manya.

"Hindun Dogo, zauna," in ji ta. "Wanga na liman ne. Wanga na baffanninki." Ta zaɓi farare guda biyar, ta ƙulle su a ganye ta tura ƙarƙashin tabarma. "Wanga na Abarshi ne. Jikansa na fari ne ke aure. In Allah ya kawo shi kafin Litinin, kada ya iske ba a ajiye masa komai ba."

Kubura ta yi wa Hindu ido, irin na a ƙyale tsohuwa. Haka Asabe ke yi kowane biki da kowane suna, goron ya bushe, ko almajiran gari ba ta ba, a ɗaki take tara shi.

"Da Dogo na da rai," Asabe ta ci gaba, "da yau ya fi kowa murna. Jininsa da na amininsa sun haɗu. Allah ya jiƙan Dogo. Mutum ne."

Nan ne Hindu ta ji ba za ta iya ba. Ba shawara ta yi ba, hannunta ne ya tafi bakin zane da kansa. Ta kwance ƙullin, ta durƙusa gaban tabarma, ta kama hannun Asabe ta buɗe shi ta sa zoben a ciki.

"Inna, taɓa wanga."

Asabe ta rufe hannu. Ta jinjina shi. Yatsanta ya bi ta kan dutsen, ya zagaya, ya shiga cikin zoben, ya tsaya a wani ɗan gurbi da igiya ta ci a gefe. Ta daɗe a haka ba ta motsa ba. Kubura ta ajiye goron da ke hannunta.

"Igiyar ni na tuƙa ta," in ji Asabe, muryarta ƙasa-ƙasa. "Baƙar fata ce, riɓi uku." Ta ɗago fuska wajen Hindu. "Wa ya kawo? Shina ina, mai kawowar?"

Har a lokacin tsohuwar ta ɗauka wani matafiyi ne ya iso daga gabas. Hindu ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Ba wanda ya kawo, Inna. Shina gidanmu. Baba ya ba ni kafin ya rasu."

Ta faɗi komai, ba ta rage ba: kwalla, maganar da tari ya yanke, yadda ta ɗauka laya ce, rumfar Mati, kaki, har da dutsen washi da ta sa a jiƙa. Ta fito da kakin ta miƙa wa Kubura. Kubura ta karɓa ta duba sunan kakanta, bakinta a buɗe, ta dubi katangar da ta raba gidajen biyu kamar yau ta fara ganinta. Ta ja jiki baya kaɗan daga inda Hindu take. Kaɗan ne, amma Hindu ta gani.

"Tun yaushe?" in ji Asabe.

"Tun da ya dawo, ina ji."

"Tun da ya dawo." Tsohuwar ta maimaita a hankali. "Taki goma daga ɗakina." Sannan ta ce, "Duk kaka in ya aiko da hatsi sai in bi shi zaure in yi godiya. In ce, Dogo, ka tabbata da ransa ka baro shi? Ya ce, da ransa, Asabe. Sau talatin da ɗaya na tambaye shi. Ina cin hatsin ina sa masa albarka."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kuka tayar wa Hindu hankali. Ita Hindu hawaye sun wanke mata fuska, tana cewa, "Inna, ki yafe, Inna," ba ta ma san wa take nema wa yafiyar ba.

"Mutum huɗu suka nemi aurena," in ji Asabe. "Ɗaya na so shi. Da na haifa wa Kubura ƙanne."

Ta kai hannu kunne ta zare 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a kan tabarma. Ta cire warwaron azurfa da ya shekara arba'in a hannunta. Ta zame ɗankwali.

"Kubura, zo ki kwance mini kitso. Ki sa a ɗora ruwa."

Kubura ta gane. Ta ce, "Inna, shekara arba'in da ɗaya. Takaba ta wuce tuntuni. Ko liman haka zai ce."

"Ta wuce a wurin liman. Ni yau aka yi mini mutuwa."

Kubura ta rarrafa ta zauna bayan uwarta, ta fara warware kitson da aka yi mata jiya domin biki. Ba ta dubi Hindu ba. Daga ƙetaren katanga, a gidan Dogo, ana jiyo 'yan mata ƙawayen Halima suna gwada waƙar kamu, suna dariya.

Hindu ta tattara ƙarfinta ta ce, "Auren fa, Inna? In kun ce a fasa, ba ni da bakin magana."

"A ɗaura. Yaran ba su je Sudan ba." Asabe ta laluba ta kamo hannun Hindu, ta mayar mata da zoben. "Wanga gadon Rabo ne, namiji kuwa ba ya sa zinare. Ki kai a rage shi, a sa wa matarsa. Kada a taɓa rubutun. Ni dai ba za ku gan ni wurin biki ba, wata huɗu da kwana goma ba ni fita." Ba ta saki hannun ba. Ta ƙara riƙe shi, da ƙarfin da Hindu ba ta zaci tana da shi ba. "Abu ɗaya nake so ki gaya mini, ɗiyata. Bai ce miki inda ya rufe shi ba? Ko sunan garin?"

"Bai faɗa ba, Inna."

"An yi masa salla?"

"Ban sani ba."

Asabe ta saki hannun. Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta jawo ƙullin goron nan biyar, ta kwance, ta zuba su cikin na jama'a.

Hindu ta zagaya gidan ubanta da zoben a hannu. Ta zauna a gindin katanga, wajen da tun tana yarinya take jiyo sallar maƙwabciyarsu. Aka kira azahar. Ta ji ƙarar buta, ta ji an shimfiɗa tabarma, ta ji tsohuwar ta yi sallama ta fara addu'a kamar kullum, ta roƙa wa Kubura, ta roƙa wa Rabo, ta roƙa wa Halima zaman lafiya. Sannan ta zo ƙarshe.

"Allah ya jiƙan Abarshi."

Hindu ta riƙe numfashi tana jiran ɗaya rabin. Ta jira har ta ji an naɗe tabarma.